Yadda Amshi Ɗaya Ya Zama Waƙa a Wani Situdiyo na Birnin Damagaram

Amshin ya zo mini ne a bayan kabu-kabu, wata ranar Laraba a ƙarshen watan Afrilu, ina komowa daga makarantar da nake koyarwa, a daidai lokacin da na hango gajimare ya taru ta gabas kamar za a yi ruwa, alhali duk ɗan Damagaram ya san da sauran tafiya kafin damina ta sauka. Kafin mu kai kasuwar Dole kalmomin sun riga sun zauna a bakina tare da karinsu: “Hadari ya haɗo gabas, ɗan ci-rani ka tuno gida.” Na roƙi mai babur ya tsaya, na ciro salula na rera shi sau uku a cikinta, da hayaniyar titi da komai, domin na san halin irin wannan baƙo, in ba a ba shi masauki nan take ba, ba ya kwana. Wanda nake kira a cikin amshin kuwa ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya bi ayarin masu neman zinariya zuwa Jado a shekarar 2014, daga can ya zarce Libiya, har yau kuma muryarsa kaɗai muke ji a waya.

Na daɗe ina rubuta waƙa, galibi ta yara ƴan makaranta da ta bukin dangi, amma sau ɗaya kacal na taɓa shiga ɗakin ɗaukar waƙa kafin wannan karo, kuma abin da na fito da shi bai kwanta mini a rai ba. A wancan wuri an kunna mini kiɗa iri 5 da aka riga aka haɗa aka ajiye, aka ce in zaɓi ɗaya in hau, cikin awa 2 aka sallame ni. Da na saurara a gida sai na tarar kiɗan yana tafiyarsa, kalmomina suna binsa da gudu, wasu an murɗe su wasu an haɗiye rabinsu, domin zanen aro ba ya rufe katara. Shi ya sa a wannan karo na yi ta tambaya har wani abokin aiki ya kwatanta mini wani ƙaramin situdiyo da ke cikin wani lungu na unguwar Birni, tafiyar ƴan mintoci a ƙasa daga fadar Sarkin Damagaram. Wurin ba shi da allo a ƙofa, da sunan mai shi ake kiransa, ni kuma ba zan rubuta sunan ba, tun da yake zan faɗi abin da ya gyara da abin da ya ɓata.

Tsohon gini ne na ƙasa mai kaurin bango, irin wanda Birni ta yi suna da shi, kuma wannan kauri shi ne jarin farko na wurin, domin da zarar an rufe ƙofar ciki sai ƙarar babura da kiran masu talla su ɗauke kusan gaba ɗaya. Mai wurin ya lulluɓe bangon ƙaramin ɗakin rerawa da soso da kwalayen ƙwai, sai dai shi da kansa ya gaya mini kwalin ƙwai ba ya tare sauti, bangon kakanninsa ne yake yin aikin, sosan kuma yana rage amsa-kuwwa ne kawai. Kayan aikinsa ba su da yawa: kwamfuta guda mai ɗauke da manhajojin haɗa kiɗa na FL Studio da Cubase, fiyano ƙirar Yamaha PSR irin wanda ya cika waƙoƙin dandalin soyayya, lasifika biyu, abin sauraro na kunne guda biyu, da makirfo ɗaya tal mai kyau, irin wanda ba ya aiki sai an ba shi wutar bolt 48 daga akwatin sauti. Mun yi ciniki a kan jaka 30 na kuɗin sefa domin haɗa kiɗa da ɗaukar murya da tacewa, wato daidaita sautukan a ƙarshe, rabi kafin a fara rabi bayan an gama, ladan ƴan amshi da na makaɗi kuma a kaina.

Ranar farko ba a ɗauki komai ba, kuma ita ce ranar da ta sa nake wannan rubutu. Na miƙa masa salula ya saurari amshin sau biyu, sannan ya ajiye ta, ya kira ni da laƙabin da ake kiran malamin boko a nan Nijar, ya ce, “Mushe, kada ka rera, karanta mini baitocin kamar kana yi wa mutum magana.” Na karanta baiti 9 da na rubuta cikin mako biyu, yana sauraro idonsa a rufe yana buga yatsa a kan tebur, sai da na kai ƙarshe ya ce in sake, a karo na biyu kuma ya fara lalubo muryata a kan fiyano da hannu ɗaya. Abin da yake nema shi ne takun da ke cikin maganar ita kanta, wato inda gaɓa mai nauyi take faɗuwa da inda numfashi yake yankewa. Daga nan ya gane cewa waƙar tana tafiya ne da taku mai rabuwa uku-uku, irin na kiɗan ƙwarya da na gangar noma, ba taku mai rabuwa biyu da ake yi wa yawancin kiɗan rawa na zamani ba. Ya fara sa kwamfuta a kan bugu 96 cikin minti ɗaya, na rera baiti guda na ji ina haki, ya sauke ta zuwa 88, sai kalmomin suka sami wurin zama. Karin kuwa bai wuce sautuka 5 ba, kamar yawancin waƙoƙinmu, kuma bai yi ƙoƙarin cusa masa na shida domin ya yi kama da na wasu ƙasashe ba.

A baiti na uku ne ya tsayar da ni. Layin yana cewa, “Inna tana wajen kuka, tana duban hanyar arewa.” Ya ɗaga hannu daga kan fiyano ya ce, “Mushe, Inna kuka take yi, ko kuwa itacen kuka kake nufi?” Na ce itace mana, kukar da ke bakin ƙauyenmu ta wajen Miriya, inda motoci suke sauke fasinja. Ya ce to ba haka kunne yake ji ba, ya maimaita mini layin yadda na rera shi. Gaskiyarsa ce. A magana, kukan hawaye gaɓoɓinsa biyu duk a sama suke, ita kuwa kukar miya gaɓar farko a sama take ta biyun ta sauko ƙasa. Ni kuma garin bin daɗin kari sai na riƙe gaɓoɓin biyu a kan sauti ɗaya, na mayar da itace hawaye ba tare da na sani ba. Wani zai ce ai harshen damon ya ƙara wa layin armashi, uwa tana wajen kuka ta kowace fuska. Ni ban yarda ba, domin mahaifiyarmu ba ta taɓa zubar da hawaye a gaban mutane saboda tafiyar ɗanta ba. Abin da take yi shi ne ta ɗauki tabarma bayan la'asar ta zauna a inuwar wannan itace tana tsinkar zogale, kamar ba jiran kowa take yi ba, kuma wannan dauriya ce nake so ƙanena ya gani, ba hawayen da zai sa ya kashe waƙar tun ba ta kai rabi ba. Gyaran bai ɗauki minti 5 ba: ya sauke gaɓar ƙarshe da mataki ɗaya a kan fiyano, na bi shi, itace ya koma itace.

Daga nan muka bi sauran baitocin kalma bayan kalma da wannan kunne, muka sake kama wani wurin, inda na ce “ka sha wuya a hamada” a daidai gangarar kari, har wuyar wahala, wadda take tashi daga ƙasa zuwa sama, ta koma wuyan da ke ɗauke da kai. A nan sauya sauti ba zai yiwu ba sai an rushe karin duka, don haka muka ɗauko kalmar muka kai ta farkon layi inda murya take hawa, ya zama “wuyar hamada ka sha ta.” Ni malamin makaranta ne, na san Hausa harshe ne mai karin sauti, na san kuma maganar Bahaushe tana farawa daga sama ne ta riƙa gangarowa kamar mai sauka daga tudu, amma ban taɓa ganin wanda ya mayar da wannan sani kayan aiki kamar wannan matashi ba, wanda bai karanta shi a littafi ba. Ya ce mini ya koye shi ne daga ƙorafin tsofaffi, waɗanda suke ce masa waƙoƙin yaran yanzu suna da daɗin kiɗa amma ba a jin abin da suke faɗa.

Inda muka saɓa shi ne tsawon waƙar. Baiti 9 da amshinsu sun haura minti 7, shi kuma ya nace cewa gidajen rediyo ba sa son abin da ya wuce minti 5, masu sauraro a TikTok kuma in amshi bai kama su cikin daƙiƙun farko ba sun wuce. Ya so a bar 4, na so a bar duka, muka tsaya a kan 6, kuma ya ciro amshin ya sa shi a bakin ƙofa kafin baitin farko, wanda na ga amfaninsa daga baya. Biyu daga cikin baitocin da aka zubar maimaici ne, na yarda da tafiyarsu. Na ukun ne har yanzu yake ci mini rai, domin shi ne yake jera zangunan hanyar da ƙanena ya bi, Tanut da Adarbisnat da Agadas da Dirku, kuma duk gidan da ya taɓa raka ɗansa tasha a wannan jiha ya san nauyin waɗannan sunaye. Mai situdiyo ya ce jerin garuruwa yana tsayar da tafiyar waƙa. A ganina tunanin kasuwa ne ya rinjaye shi a nan, ni kuma na yi saurin sakin abin da bai kamata in saki ba.

Rana ta biyu ta kiɗa ce. Da safe ya shimfiɗa gindin kiɗan a kwamfuta, ya sa ni na rera muryar gwaji a kai, wadda ba ita za a fitar ba, jagora ce kawai ga duk abin da za a ɗora. Ya fara ƙawata shi da algaitar fiyano, na roƙe shi ya cire ta, domin wanda ya tashi yana jin algaita ta gaske da kakaki a ƙofar fada ranar hawan Sallah ba zai karɓi wannan siririyar murya ta roba ba. Bai yi gardama ba, ko da yake na lura hannunsa ya saba da zuwa wajenta. Da yamma na zo da wani dattijo mai kalangu, wanda ya shekara da shekaru yana yi wa mahauta kiɗa a hawan ƙaho, kuma wannan ne shigarsa situdiyo ta farko. Aka sa masa abin kunne, aka kunna masa ƙwanƙwasar da kwamfuta take yi domin riƙe lokaci, ya ɗaga gula ya buga kaɗan ya tsaya, ya ce, “Yaro, cire mini wannan abu daga kunne, ni baki nake bi, ba ƙarfe ba.” Mai situdiyo ya ce, “To, Baba,” ya kashe ƙwanƙwasar ya bar masa muryata kaɗai.

Abin da ya biyo baya ban da bakin kwatanta shi sosai. Kalangu ganga ce mai magana, matsa tsarkiyarta a hammata yana ɗaga sautinta, saki yana sauke shi, don haka dattijon bai tsaya ga riƙe taku ba, sai ya shiga amsa mini layi bayan layi, yana maimaita karin “ka tuno gida” da fata da gula har mutum ya rantse kalmomin yake ji. Wani wuri yakan ɗan riga ni, wani wuri ya ɗan jinkirta ya bar ni in wuce. A allon kwamfuta ana ganin bugunsa bai hau kan layukan lokaci daidai ba, kuma da dannawa ɗaya ana iya jawo kowane bugu a jera shi a kan layi kamar sojoji. Mai situdiyo bai yi haka ba. Ya kwashe kusan awa 2 bayan tafiyar dattijon yana matsar da nasa kiɗan na fiyano yana bin kalangun, maimakon ya tilasta wa kalangun bin na'ura. Da na tambaye shi dalili sai ya ce wannan ɗan jinkirin shi ne abin da na biya kuɗinsa, in ya goge shi gara tun farko ya ɗauko kalangun da ke cikin kwamfuta.

Ɗaukar murya ita ce ta fi wahala, kuma a nan ne raunin wurin ya fito fili. Watan Mayu ne, zafin Damagaram ya haura digiri 40, ɗakin rerawa ba shi da taga, fanka kuma dole a kashe ta domin makirfon yana jin ko motsin riga. Bayan baiti biyu na fito jiƙe sharkaf muryata ta fara dushewa, sai muka ɗage aikin zuwa bayan sallar isha'i, lokacin da gari ya ɗan huce, aka kuma gama kiran salla a masallatan unguwa. Game da wuta, ya gaya mini tun watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta katse lantarkin da take turo wa ƙasarmu, ya sayi faifan hasken rana da batura domin kada sana'arsa ta mutu. Suna taimakawa, amma baturan sun tsufa, kuma a daren nan da aka ɗauke wuta sun riƙe mu kamar minti 40 ne kawai kafin komai ya mutu, tare da ɗauka guda ta baiti na biyar wadda ni da shi muka san ita ce ta fi kyau, ba a kuwa riga an adana ta ba. Ya ba ni haƙuri, na kuma haƙura, amma wanda yake karɓar kuɗin mutane a garin da aka san halin wutarsa ya kamata yatsansa ya saba da adana aiki bayan kowace ɗauka.

Ta fuskar iya jan mawaƙi kuwa ba ni da abin cewa sai yabo. Ya tsayar da ni tazarar taƙi ɗaya daga makirfo, a bayan wani zagayen ƙyalle mai kama da rariya wanda yake tare iskar baki, ya ce in riƙa ɗan ja da baya in zan ɗaga murya. Ba ya cewa “ba kyau,” sai dai ya ce “Mushe, ƙara mana ɗaya,” har kowane baiti ya sami ɗauka 5 ko 6, daga baya ya zauna ya tsinto layi mafi kyau daga kowace ya ɗinke su ba tare da an ji wurin ɗinkin ba. Da ya ga na fara rera baitin Inna kamar mai karanta darasi, sai ya kashe fitilar ɗakin ya ce in manta da shi da na'urarsa, in ɗauka ƙanena ne a tsaye bayan ƙyallen. Ɗaukar da aka yi cikin duhun nan ita ce ta shiga waƙar daga farkonta har ƙarshenta, ba a haɗa ta da wata ba.

Sai maganar Auto-Tune, manhajar gyara sautin murya da ta fito a 1997, wadda a yau ta zama kamar gishiri a waƙoƙin Hausa na zamani. Ba na cikin masu ƙyamarta, kuma ni ba gwanin murya ba ne da zan ce ba na bukatarta. Sai dai in an ɗaure ta da ƙarfi tana fizgar murya daga sauti zuwa sauti ba tare da barin ta ta zame ba, alhali Hausa tana da kalmomi masu faɗuwar sauti a cikin gaɓa ɗaya, irin su rai da mai, waɗanda zamewar ce rayuwarsu. A layin da nake cewa “in da rai za mu gana,” na'urar ta karya kalmar rai gida biyu kamar mai saukowa daga matakala. Na nuna masa, ya sassauta ta har zamewar ta dawo, ya bar ta tana gyara dogayen sautuka kawai inda muryata take rawa. Ya faɗa mini gaskiya cewa yawancin samarin da suke zuwa wurinsa su ne suke cewa a ƙara mata ƙarfi, kuma yana yi musu yadda suke so.

Ƴan amshi mata biyu ne da shi ya samo, ɗaya ta zo da rakiyar yayanta, kuma wurin ba shi da wani keɓaɓɓen wajen zama da ya dace da mata sai benci a zaure cikin samari. Da farko ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, aka saurara aka ji amshin ya fito a tsabtace amma ba rai, kamar yara suna biya karatu. Dalili kuwa shi ne a waƙarmu ta gargajiya ƴan amshi ba sa jira jagora ya rufe baki, suna karɓe masa ne tun gaɓarsa ta ƙarshe tana kan harshe. Sai ya tsayar da su biyun suna fuskantar juna da makirfo a tsakiya, ya ce su shigo a kan wutsiyar layina, ya ɗauke su sau 3 ya jera, ya watsa ɗaya dama ɗaya hagu ɗaya tsakiya, sai ga mata biyu sun zama kamar taron mata a tsakar gida. Wannan dabara ta rufe rashin kayan aiki, amma ba ta kawar da shi ba: da makirfo ɗaya da abin kunne biyu, ƙungiyar makaɗa da take so a ɗauke ta gaba ɗaya a zama guda ba za ta sami biyan bukata a nan ba.

An yi mini alkawarin tacewa cikin kwana 3, sai da aka yi 9. Wannan ita ce babbar matsalar wurin, rashin riƙe lokaci, kuma tushenta a bayyane yake, domin zauren ba ya rabuwa da abokai masu shan shayi da masu zuwa a tura musu waƙa a waya, shi kuma kunya ba ta barin sa ya sallami kowa. Ranar da aka ce in zo ƙarfe 9 ba a fara aiki ba sai wajen 11. Tacewar farko da ya ba ni ma ya cika mata amsa-kuwwa har muryar ta zama kamar daga cikin rijiya take fitowa, baƙaƙen ƙarshen kalmomi suna narkewa, wato abin da muka sha wahalar tsarewa a ranar farko ya kusa salwanta a ranar ƙarshe. Na mayar masa, ya rage ba tare da ɓata rai ko neman ƙarin kuɗi ba. Abin da ya burge ni a wannan mataki shi ne bai amince da manyan lasifikansa kaɗai ba. Ya kunna waƙar a salula, ya kunna ta a ƙaramar rediyo, ya fita da ita wata fadar samari a bakin lungu aka sa a akwatin kiɗansu, domin ya san a irin waɗannan ne mutanenmu za su ji ta, kuma ƙaramar lasifikar waya ba ta fitar da sauti mai kauri. Bayan wannan gwaji ne ya ɗan ɗaga kalangun ya rage kaurin da ke ƙarƙashi.

Wanda zai je ya kula da abin da zai karɓo a hannunsa. In ba ka tambaya ba, MP3 kaɗai za a tura maka, wanda minti ɗaya nasa bai fi megabait 1 ko 2 ba saboda an matse shi an zubar da wani sashe na sautin. Ka nemi WAV, mai cin kusan megabait 10 a minti ɗaya, shi ne na ajiya da na kai wa gidan rediyo, ka kuma je da abin adana bayanai naka a zuba maka muryoyi da kiɗa daban-daban, domin ranar da kwamfutarsa za ta lalace ba za ta yi sallama ba. Babu kuma wata takardar yarjejeniya da ake ba mutum, kuma wannan gyara ne da ya kamata ya yi tun yau, domin ba a faɗi wanda ya mallaki kiɗan ba, ba a kuma faɗi ko ana iya sayar wa wani shi gobe ba. Ni da hannuna na rubuta ƴar takarda muka sa hannu mu biyu, da sunan dattijon mai kalangu da na ƴan amshi a ciki, saboda ina da niyyar kai waƙar rajista a BNDA, hukumar da ke kula da haƙƙin mawallafa a Nijar.

Mai neman waƙar buki da za a kunna jibi, ko mai son a jera masa kirarin wani mai kuɗi a kan kiɗan da aka riga aka dafa, zai sami inda ya fi nan sauri da sauƙin farashi, a nan garin ko a Kano. Amma wanda yake da kalmomin da ya damu da su, yana kuma da haƙurin jira da jure zafi, ban san wani wuri a Damagaram da za a zauna a saurari maganarsa kafin a taɓa fiyano kamar nan ba. Ya je da baitocinsa a rubuce, ya haddace su, ya je da ruwan sha wanda ba na ƙanƙara ba, ya nemi a ba shi lokacin dare, kuma kada ya biya rabin ƙarshe sai ya saurari tacewar a wayarsa ya gamsu. Ni na riga na gaya masa zan dawo bayan kaka mu fitar da doguwar waƙar da baitin zangunan hanya a cikinta, tun da muryoyin sauran baitocin suna hannuna.

Waƙar ta tsaya a minti 4 da daƙiƙa 50. Na tura wa ƙanena ita ta WhatsApp wani dare a farkon watan Yuni, ban haɗa ta da wani bayani ba, na ga alamar ya buɗe, sannan kwana biyu ban ji daga gare shi ba. A rana ta uku ya aiko da saƙon murya gajere, ana jin iska tana kaɗawa a bayansa. Bai ce waƙar ta yi daɗi ba, bai kuma ce zai dawo ba. Ya gaishe ni, ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, “Yaya, kukar nan ta bakin hanya har yanzu tana nan?” Na ce masa tana nan, ta ma fara fitar da sabon ganye.